Rigar da Na Rina a Birnin Tsomau

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya rina ta ba da marina ba, ya ba ta launi da hantsi, ya sake mata wani da almuru, bai nemi shawarar kowa ba.

Bayan haka, ni Ukashatu ɗan Malam Jatau, mutumin Kukar Malamai, ina cewa: ruwayoyi uku ne suke yawo a bakin fatake game da abin da ya same ni a Birnin Tsomau. Ta farko ta maroƙan fadar ce, waɗanda suka ce ni matsafi ne, a cikin guguwa na shigo birnin. Wannan ban karɓe ta ba, domin maroƙi ba ya faɗin girman mutum sai ya dubi abin da ke tafin hannunsa, ni kuwa ban ba su komai ba. Ta biyu ta mai masaukina ce, Barmo, wanda ya ce shi ya kitsa al'amarin tun daga tushe. Ita ma na ajiye ta gefe, domin na zauna da Barmo, na ga ko jiƙon kanwa aka ba shi sai ya ɓata. Ta uku ta matarsa ce, Tabawa. Ita na amince da ita, na gwama ta da abin da idona ya gani, saboda dalili guda: matar nan ba ta ƙaunata, ba ta kuwa taɓa ɓoyewa ba. Wanda ba ya ƙaunarka ba zai ƙara maka abin da ba ka da shi ba, in kuma ya rage, kai ka san inda ya rage.

Sababin fitata daga gida shi ne neman ilmin iyakoki. Tun ina zama a zauren mahaifina na lura cewa yawancin rigimar da ake kawo masa ta iyaka ce: inda gonar wane ta tsaya, inda katangar wane ta fara. Sai na ƙudurta a raina zan zaga duniya in ga yadda kowace al'umma take raba abu da abu, in tattara shi a littafi, ko 'yan baya sa huta da gardama.

Na ga abubuwa da dama. Na ga garin da iyakarsa ƙarshen muryar ladaninsu ce, in ya yi mura garin ya ƙanƙance. Na kuma isa tsakanin Hayin Gero da Hayin Dawa, ƙasashe biyu da suka gaji da yaƙi suka mai da wani tsohon jaki iyakarsu: duk wanda ke gabas da jakin yana ƙasar Gero, wanda ke yamma da shi yana ƙasar Dawa. Na zauna a gindin wata kanya, a gabas da shi, ina cin guzurina cikin natsuwa. Jakin ya zo ya wuce ni yana kiwo. Ban ankara ba sai ga dakarun Hayin Dawa a kaina riƙe da masu.

Babbansu ya ce, "Kai baƙo, wa ya ba ka izinin shigowa ƙasarmu?"

Na ce, "Ban shigo ba. Ƙasarku ce ta shigo mini, ina zaune."

Ya ce, "Ka faɗa wa alƙali. Tashi!"

Na roƙi alfarmar in karkaɗe jakata. Na damƙi ƙuli-ƙulin da ya rage, na wurga shi yamma iyakar ƙarfina. Jakin ya ɗaga kunne, ya sukwano ya wuce mu duka. Sai na ce musu, "To, bayin Allah, yanzu ku ne a ƙasar Gero, ɗauke da makamai, ba sallama." Suka dubi juna, suka zuba a guje suna bin iyakarsu.

Wani tsoho mai kiwon tumaki da ya ga abin ya yi dariya har ya riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "Malam, in iyaka kake nema wadda ba ta motsi, tafi Birnin Tsomau. Can har tsakanin mutum da mutum an ja layi." Da ya ƙara mini da gargaɗi da na gode masa, amma bai ƙara ba.

Na bi kwatancensa, na ƙetare duwatsun da ruwan ƙoramunsu shuɗi ne, na ratsa gonakin baban rini da ido ba ya kai ƙarshensu, har na hango ganuwar birnin. A bakin ƙofa na tarar da abin mamaki. Dakali bakwai ne a jere, a kan kowane an tsai da mutum daga shi sai bante, an rine shi tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Na farko launinsa ruwan bula ne mai haske, na biyu ya ɗara shi duhu, haka har na bakwai, wanda yake baƙi wuluk yana sheƙi. Masu shiga birni kowa sai ya tsaya ya kara hannun rigarsa da jikin ɗaya daga cikinsu, dogari ya duba, sa'an nan ya wuce.

Na tsaya gaban na huɗu ina nazarinsa, sai ya ce da harshen ƙasarmu, "Malam, in ka gama kallo ka sosa mini baya, an hana mu motsi."

Na sosa masa, na tambaye shi labarinsa. Ya ce sunansa Nomau, falken goro ne.

"Mu ne ma'auni," in ji shi. "A garin nan launin rigarka shi ne matsayinka. Talaka ruwan bula, ɗan kasuwa shuɗi, malami ya fi shi duhu, basarake baƙi. Baƙo kuma, ranar da ya kwana ɗaya, da hannunsa zai rina rigarsa a gidan mai masaukinsa, launin da yake ganin ya cancanta. Washegari a kai shi fada. In Sarkin Launi ya ce ya zarce matsayinsa, girman kai ne. In ya ce ya gaza, munafunci ne. Ko wanne ne, a tsoma shi a Marinar Sarki, rinin da ba ya fita, a kawo shi nan ya canji wanda ya koɗe."

Na ce, "Wanda ya dace fa?"

Nomau ya ce, "Dube mu da kyau, Malam. Duk cikinmu babu ɗan gari."

Na juya zan koma inda na fito, sai na ga ƙofa ta rufe a bayana, dogari yana murmushi. Ashe dakalan a cikin ganuwa suke, na riga na shiga.

Aka sauke ni a gidan Barmo, wani dattijo mai ƙaton rawani da ƙaramar murya, wanda launinsa bai wuce na uku ba. A bayan madafarsu akwai wata babbar tukunyar rini da aka binne rabinta a ƙasa, kamar yadda take a kowane gida a birnin. Tabawa ce mai kula da ita. Ta jiƙa baba da ruwan toka tun kwanaki, kumfa mai ruwan tagulla ya taru a sama, warinsa kuwa na rubuta shi a littafina da kalma ɗaya wadda ba zan maimaita a nan ba.

Da rana ta yi tsaka washegari, mai unguwa ya zo ya buɗe tukunyar, ya ce in aka buga tambarin faɗuwar rana zai dawo ya liƙe ta da laka, abin da riga ta sha ta sha ke nan. Aka ba ni farar riga sabuwa, aka jiƙa ta da ruwa.

A nan na gane cewa mutanen gidan ba bakinsu ɗaya ba. Al'adar garin ita ce, in baƙo ya fito da launi mai duhu, mai masaukinsa yakan matsa gaba sahu ɗaya a fada. Amma baƙo mai duhu ba a ba shi tuwo gaya, sai da nama safe da yamma, naman gidan Barmo kuwa duk yana yawo a tsakar gida da fukafukai, kuma na Tabawa ne.

Barmo ya ce, "Malam, danna ta ƙasa. Kada ka fito da ita sai ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Mutum irinka!"

Tabawa tana bakin murhu ta ce, "Tsoma ɗaya ya ishe shi. Ko shi ma alfarma ce."

Na ce musu, "Wuyana ne a kan wannan al'amari, ba zan yanke shi da son zuciya ba. Kowa ya kawo hujjarsa, ni in auna."

Na riƙe rigar ta wuya, na tsoma ta har kafaɗa, domin dai kowa ya yarda ni ɗan Adam ne. Na ɗago ta, ta fito kore-kore, iska ta buge ta, ta juye shuɗi mai haske a gaban idona. Tabawa ta ce haka rini yake, kowace tsomawa da shan iska sai ya ƙara duhu. Sai na tsara wa kaina ƙa'ida: duk hujjar da ta tabbata a kaina, zan hana rigar taƙi ɗaya daga sama a tsomawa ta gaba, don kada in manta lissafi. In an gama muhawara sai in ga inda gaskiya ta tsaya, in daidaita launin gaba ɗaya. Har yau ina ganin ƙa'idar ba ta da aibi.

Barmo ya fara: "Mutumin da ya zo da jaka cike da littattafai!"

Tabawa ta ce, "Ɗauka na gani, ban ga karatu ba. Ɗan dako ma yana ɗauka."

Na auna, na ga ɗauka ba ta tabbatar da sani. Na rage taƙi, na tsoma.

Barmo ya ce, "Ke dai ba ki san mutane ba. Dubi kamala, dubi natsuwa, ko dariya ba ya yi."

"Kai da ka yi barci kake faɗin natsuwa. Jiya minsharinsa ya hana kajina sauka daga rumbu."

Ban iya ƙaryata abin da aka yi ina barci ba. Na rage taƙi.

Barmo ya miƙe tsaye ya ce, "To, hankali fa? Wa zai ce Malam ba shi da hankali?"

Tabawa ta ajiye muciya ta ce, "Maigida, ka manta? Jiya da saukarsa, ko ruwa bai sha ba, ya ciro igiya ya auna katangarmu, ya kira maƙwabci a gaban jama'a ya gaya masa mun ci masa taƙi biyu. A gidan da zai kwana! Mai hankali ke nan?"

Barmo ya koma ya zauna. A wannan karo da kansa ya ce, "Rage biyu, Malam."

Haka muka wuni. Ta soki cina, ta soki zamana, ta soki yadda nake gyaran murya kafin in ce a miƙo mini gishiri. Ni kuwa ina kare kaina inda akwai kariya, hannuna yana sama yana ƙasa saboda zafin muhawara, rigar tana lilo a cikin ruwan baba, ban lura ba. Da rana ta sunkuya, gindin rigar kaɗai ya rage yana shiga tukunya.

Barmo ya ce da muryar wanda ya fid da rai, "Ƙafafunsa fa? Su ma za ki ce ba su yi komai ba?"

Tabawa ta leƙa ta dube su ta ce, "A'a, gaskiya ɗaya ce. Ƙafa kam ta yi tafiya. Ga faso nan kamar fadamar da ta shekara ba ruwa."

Na ji daɗin wannan shaida ƙwarai, na bar gindin rigar ya sha ya ƙoshi. Ina shirin in ce yanzu sai a daidaita, sai tambari ya yi ƙara. Mai unguwa ya shigo da laka a hannu, ya liƙe tukunya, ya fita bai dubi kowa ba.

Muka ɗauraye rigar, muka shanya ta a igiya, muka tsaya muna kallo. Wuyanta fari ƙal. Kafaɗa kamar sama da sassafe. Daga nan launin yana sauka yana ƙara nauyi sannu a hankali, har gindinta ya zama baƙi mai sheƙi irin na sarakuna. Babu layi, babu gaɓa, babu inda za a ce nan ne aka canza.

Barmo ya ɗora hannu a ka ya ce, "Innalillahi. Laifi biyu a riga ɗaya."

Tabawa ta daɗe tana dubanta, sa'an nan ta ce, "Ta yi kyau, sai dai ba ta dace da kai ba." Daren nan tuwo gaya na ci, domin ta ce baki ne ke ci, bakin kuwa yana wajen fari.

Da hantsi aka kai ni fada. Zauren dogo ne, mutane zaune sahu bakwai, daga bakin ƙofa inda talakawa suke cikin ruwan bula, har gindin karaga inda sarakuna suke baƙi kamar hadarin Agusta. A kan karaga Sarki Tankarau yake, tsoho mai lumshe ido, wanda aka ce ya daɗe bai ga abin da ya ba shi mamaki ba. Kusa da shi Waziri Ƙosau. A tsakiyar zaure kuma Sarkin Launi, Cindo, siririn mutum mai tsinin hanci, riƙe da sanda.

Da na shiga, duk idanu suka koma kan rigar. Cindo ya zaga ni, ya sake zagawa, sa'an nan ya nuna gindin rigar da sanda ya ce, "Baƙin sarauta! Kai wane ne? Girman kai, ranka ya daɗe. A kai shi marina."

Na gyara murya na ce, "Allah ya ƙara wa Sarkin Launi gani. Wannan baƙin ba nawa ba ne, na ƙafafuna ne, su yake rufewa. Ƙafafun nan sun ƙetare duwatsu, sun ratsa ƙasashen da ba a taɓa jin sunansu a nan ba. In akwai ƙafar da ta fi su aiki a zauren nan, a fito da ita a gwada."

Sarakunan suka ja ƙafafunsu cikin riga, domin duk a kan doki aka kawo su.

Cindo ya ɗaga sanda ya nuna wuyana ya ce, "To, nan fa? Fari ƙal, kamar wanda bai san komai ba, alhali an ce malami ne. Munafunci!"

Na ce, "Wannan na kaina ne. Kan da ya ga mutum bakwai a rine a bakin ƙofa, ya tsaya sosa wa ɗaya baya har aka rufe ƙofa, wane launi ya cancanta?"

Wani mahauci a sahun baya ya tuntsire da dariya, aka make shi. Na ga Sarki ya buɗe ido ɗaya.

Cindo ya fusata ya ce, "Ko an yarda da sama an yarda da ƙasa, a tsakani akwai ƙarya. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya cika sahu bakwai."

Sai Waziri ya yi magana a hankali. Na ji daga baya cewa shi da Cindo ba sa ga-maciji tun kan wata gona. Ya ce, "Gaskiyarka, Sarkin Launi. Sai dai ka san dokar kakanni: mai ƙara shi zai ɗora yatsa a inda launin gaskiya ya ƙare, na ƙarya ya fara. In ya kasa nunawa, shi ake tsomawa. Bismillah, yatsu ai Allah ya ba ka har da ƙari."

Cindo ya matso. Ya ɗora yatsa a ƙirjina. Na ce, "A duba sama da yatsan, a duba ƙasa da shi. Akwai bambanci?" Aka kira dattawa biyu suka duba, suka ce launi ɗaya ne. Ya sauko cibiya, haka. Ya sauko gwiwa, haka. Ya ja da baya ya hango, bambanci ƙuru-ƙuru, ya matso kusa, ya ɓace. Ya sa aka buɗe taga, ya sa aka rufe. Gumi ya fara ɗiga daga tsinin hancinsa. Can waje na ji ana motsa Marinar Sarki da manyan sanduna, shi ma ya ji.

Ya juya ya faɗi gaban karaga ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na duba da kyau. Rigar nan gaskiya ce daga sama har ƙasa."

Na yi hamdala a zuci, amma na yi gaggawa. Cindo ya ɗago yana murmushi ya ce, "Tun da kuwa gaskiya ce, doka ta ce kowane launi ya zauna a sahunsa. Zauren nan dogo ne, baƙon gajere. A kira Hauni ya raba shi bakwai, a kai kowane yanki mazauninsa."

Hauni, mai zartar da hukuncin kisa, ya shigo yana wasa wuƙa a tafin hannu. Ƙato ne mai sanyin hali. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, madalla. A ina zan sa wuƙar? Kun san wanda ya zub da jinin mai baƙar riga, shi ma kansa ya tafi. A nuna mini inda basaraken ya ƙare, in fara daga nan."

Babu wanda ya miƙa yatsa. Cindo ya sa hannayensa duka biyu a hammata.

Na ce, "Ina da shawara, in an yarda. Tun da ba za a iya kai ni wurin sahu ba, a kawo sahu wurina."

Sarki ya buɗe ido na biyu ya ce, "A yi haka."

Na kwanta rigingine a gaban karaga, ƙafafuna wajen Sarki, kaina wajen ƙofa. Aka umarci sahu bakwai su matso, kowane ya daidaita da launinsa a jikina. Jama'ar da ta cika dogon zaure ta dunƙule a tsawon mutum ɗaya. Galadima ya sami kansa a cinyar wani mai sayar da manja. Limamin fada yana shaƙar hammatar maƙeri. Mahaucin nan mai dariya ya leƙo ta kafaɗar Ma'aji yana ce masa, "Ranka ya daɗe, ashe kai ma kana da amosanin ka." Rawuna suka kwance, aka rasa na wa ne a kan wa.

Aka kawo abincin baƙo bisa doka. An ajiye akushin nama a gaban ƙafafuna, wani bafade yana yi musu fifita. A wajen kaina aka dangwara ƙwaryar ruwa, da dogari tsaye yana zare ido.

Sarki ya ce, "Baƙo, me kake bukata a wurinmu?"

Na buɗe baki zan amsa, dogarin ya toshe shi da tafin hannu ya ce, "Kul! Farar riga ba ta magana da Sarki. Manya su amsa."

Duk fada ta juya tana duban ƙafafuna. A daidai lokacin wani ƙuda da ya biyo ƙamshin nama ya sauka a babban yatsan ƙafata, na motsa shi don in kore shi. Cindo ya yi wuf ya durƙusa, ya kara kunne, ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, sun ce sun gode da karamci, suna neman izinin tafiya yau yau ɗin nan."

Na yi hulɗa da tafintoci a ƙasashe da yawa. Ban taɓa samun wanda ya faɗi abin da ke zuciyata daidai kamar wannan ba.

Waziri, wanda gwiwar wani masaƙi take tokare da haƙarƙarinsa, ya ce da ƙyar, "Zaki, a ba su izini. In mutumin nan ya zauna, kullum haka za mu yi fadanci. Kuma na ga mata suna leƙen rigar ta katanga. Kowace tana da tukunya a bayan ɗaki. In suka gane yadda aka yi ta, kafin kaka kowane talaka ƙafarsa tana gindin karaga."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sa'an nan ya tambayi abin da doka ta ce game da fita. Aka duba. Mai baƙar riga, in zai bar gari, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, a ɗauke shi da laima da kiɗa har bayan ganuwa. Mai farar riga kuwa korarsa ake yi, kansa a ƙasa, ana yi masa tsawa. Masu launin tsakiya ba sa fita sai da izinin mai unguwa. Aka yi ta gardama a kan wannan, har Hauni ya ce, "In sama ta tafi, ƙasa ta tafi, tsakiya sai ta zauna da wa?" Aka yarda da shi.

Haka na fita daga Birnin Tsomau. Ƙarti biyu sun saɓa ƙafafuna a kafaɗa, an ɗaga musu laima, algaita tana tashi, maroƙi yana kirari: "Faso gadon tafiya! Diddige mai taka ƙasar da ba ta ubansa ba! Sannu da hanya, manya!" Kaina kuwa yana reto kusa da ƙasa, dogari yana biye yana cewa, "Fice mana daga gari, matsiyaci! Kada mu ƙara ganinka!" Barmo yana gaba yana gaya wa mutane baƙonsa ne. An matsar da shi sahu ɗaya saboda ƙafafuna, an mai da shi baya sahu ɗaya saboda kaina, ya tashi inda yake. Tabawa ta biyo mu har ƙofa da jakar littattafaina, ta rataya mini ita a wuya, ta sunkuyo ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. Taƙi nawa ka ce kana ragewa?"

Na gaya mata, domin ba a hana mai tambaya ilmi.

A bayan ganuwa aka sauke ƙafafuna a kan darduma cikin ladabi, aka saki kaina a turɓaya. Na tashi na karkaɗe jikina, na duba fatata gaba da baya, na same ta da launin da mahaifiyata ta haife ni da shi. Ban tsaya auna komai ba sai da ganuwar ta ɓace.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Waɗanda suka halarci fitata, kuma za a iya tambayarsu, su ne: Waziri Ƙosau, mai takalmin fata ja, Cindo Sarkin Launi, wanda ƙafarsa ta hagu take karkarwa, Hauni, ba takalmi, Barmo mai masaukina, da takalma waɗanda ba ƙafa ɗaya ba, Tabawa matarsa, mai lalle har idon sawu, mai unguwa Ɗankande, da laka a diddige, da maroƙi Gambo Na-Tsomau, mai kaushi. Sauran jama'a ban ambace su ba, domin daga inda kaina yake ban ga fuskar kowa ba, kuma ba na rubuta sunan ƙafar da ban tabbatar da mai ita ba.